Yadda Ake Tantance Ginshiƙan Baya da Rainonsu a Ƙwallon Ostireliya

A ƙwallon Ostireliya, kowane ɓangare na da 'yan wasa 18 a fili mai siffar ƙwai, wanda tsawonsa ke tsakanin mita 135 da 185. Duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo da ƙafa, matuƙar ta yi tafiyar mita 15 ba ta taɓa ƙasa ba, ba kuma wanda ya taɓa ta a hanya, alƙalin wasa zai ba shi damar ja da baya ya buga a tsanake, ba mai kusantarsa. Wannan cafka, wadda can suke kira mak, ita ce ta haifi aikin da muke magana a kai. Idan dogon ɗan gaba ya cafe a mita 30 daga ƙofar gol, maki shida, wato ladan gol ɗaya, sun kusa shiga hannu. Waɗanda aka ɗora wa hana faruwar haka su ne dogayen 'yan baya biyu, wani lokaci uku, da za mu kira ginshiƙan baya: ɗaya a bakin gol, ɗaya kusa da layin mita 50, wato bakan da aka zana mita 50 daga gol.

Yawancin kuskuren da ake yi wajen zaɓensu daga wuri ɗaya yake fitowa. Ana auna su da abin da ya faru bayan ƙwallon ta iso, alhali aikinsu ya riga ya gyaru ko ya lalace daƙiƙa uku ko huɗu kafin isowarta.

Mataki na farko: san irin ginshiƙin da kake nema

Kafin ka duba kowane yaro, duba ƙungiyarka. Ginshiƙai iri biyu ne. Akwai mai riƙe mutum: ana ba shi ɗan gaban da ya fi kowa hatsari, ya manne masa tun daga farkon wasa har busar ƙarshe, ya yi ta kaɗe ƙwallo daga hannunsa. Stephen Silvagni na Carlton, wanda aka zaɓa a bakin gol cikin tawagar gwanayen ƙarni ta AFL, babbar gasar wannan wasa, a 1996, shi ne misalin da aka fi bayarwa. Akwai kuma mai datse ƙwallo: yana karanta ƙafar mai bugu, ya bar mutuminsa, ya je ya cafe ƙwallon da aka nufi wani da ita. Jeremy McGovern na West Coast da Aliir Aliir na Port Adelaide, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, na cikin wannan sahu.

Ba a zaɓar ɗaya ba tare da tunanin ɗayan ba. Masu datsewa biyu za su tashi wa ƙwallo ɗaya su bar ɗan gaba shi kaɗai a bayansu. Masu riƙewa biyu kuwa za su yi ta kaɗe ƙwallo ƙasa, tana dawowa musu, ba mai kama ta ya fitar da ita. Melbourne ta ɗauko Jake Lever daga Adelaide a ƙarshen 2017, ta ɗauko Steven May daga Gold Coast a ƙarshen 2018. May na riƙe babban ɗan gaba, Lever na shigowa daga gefe ya datse. A 2021 dukansu biyu sun shiga tawagar gwanayen shekara, ƙungiyar kuma ta lashe gasar. Don haka rubuta sunayen dogayen da kake da su, ka sa kowa a sahunsa, ka ga inda giɓin yake.

Mataki na biyu: awon jiki

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. A matakin AFL yawancin ginshiƙai na tsakanin santimita 192 da mita 2, wasu na ɗan haurawa. Gwajin da ake yi wa matasa kafin zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Nuwamba ya ƙunshi gudun mita 20, gudun kewaya sanduna, tsalle daga tsaye, tsalle da gudu, da gudun kilomita 2. Dogon da ya yi mita 20 a kusa da daƙiƙa 3 yana da saurin da ake buƙata.

Abu biyu sun fi tsayin kai muhimmanci. Na farko, inda yatsunsa ke kaiwa idan ya miƙa hannu sama yana tsaye. Dustin Fletcher ya yi wa Essendon wasa 400, kuma dogayen hannuwansa na kaɗe ƙwallon da wani zai ɗauka ta riga ta wuce shi. Na biyu, taku biyar na farko bayan juyawa. Ɗan baya ba ya fara gudu yana fuskantar inda za shi kamar mai tsere. Yakan fara ne a karkace, rabin hankalinsa a kan ƙwallo. Saboda haka ƙara naka gwajin: ya tsaya ya ba ka kafaɗa, ka ɗaga hannu dama ko hagu, ya juya ya yi mita 10. Yi sau uku kowane gefe ka kwatanta. Idan wani gefe ya fi ɗaya nauyi ƙwarai, 'yan gaba za su gano shi cikin mako biyu.

Kada ka kori yaro don santimita uku ko huɗu. Leo Barry na Sydney da Josh Gibson na Hawthorn ba su kai 190 ba, amma sun riƙe waɗanda suka fi su tsayi da ƙiba.

Mataki na uku: bidiyo, nan ne ainihin aikin

Hoton talabijin ƙwallo yake bi, ba ya nuna abin da ɗan baya ke yi kafin ta zo. Nemi hoton da aka ɗauka daga bayan gol, daga wuri mai tudu. Idan ƙungiyarka ƙarama ce, waya a kan sanda a bayan turakun gol ta isa. Tara aƙalla karo 40 da aka bugo ƙwallo yankinsa, daga wasa huɗu ko biyar, ka tabbata akwai wasan da aka lallasa ƙungiyarsa da kuma wasan da aka yi cikin ruwan sama. Wanda ka gani a ranar nasara kaɗai, ba ka gan shi ba.

A kowane karo, tsayar da hoton daidai lokacin da ƙafar mai bugu ta taɓa ƙwallo, ka amsa tambayoyi huɗu.

Ina yake tsaye? Idan 'yan tsakiyarsa na matsa wa mai bugu, ƙwallon za ta zo a sama, a hankali, sau da yawa ta gaza kaiwa; a nan tsayawa gaban ɗan gaba ko kafaɗa da kafaɗa shi ne daidai. Idan mai bugu ya fito sarai ba mai takura masa, sai ya koma ɓangaren gol, rabin taku a baya, hannu ɗaya na taɓa ƙugun mutuminsa don ya ji motsinsa ba sai ya kalle shi ba.

Me yake kallo? Wanda ya ƙura wa ƙwallo ido kaɗai, mutuminsa zai zame ta bayansa. Wanda ya ƙura wa mutum ido kaɗai, zai makara wajen tsalle, kuma alƙali zai kama shi da laifin tare mutum. Nemi wanda ya buɗe ƙirjinsa ta yadda yake ganin duka biyun.

Wace shawara ya yanke? Huɗu ne a gabansa: ya cafe, ya kaɗe, ya bar mutuminsa ya taimaki wani, ko ya zauna a ƙasa ya bar abokinsa ya tashi. Ba shi maki a kan shawarar, ba a kan sakamakon ba. Wannan shi ne abin da masu tantancewa suka fi kasawa, domin ido na bin abin da ya burge. Yaro zai yi tsalle daga baya cikin mutum huɗu, a mita 15 daga gol, ya cafe, 'yan kallo su yi shewa; a takardarka ka rubuta shawara mara kyau, domin a karo biyar irin wannan sau ɗaya zai riƙe, sauran huɗun ƙwallon za ta zube a ƙafar ƙananan 'yan gaba. Wani kuma zai tsaya daidai, ya tashi daidai, a bugo ƙwallon da ba mai iya taɓawa sai wanda aka nufa; wannan ba laifinsa ba ne, ka rubuta masa daidai.

Me ya yi bayan ƙwallon ta faɗo? Ya tsaya da ƙafafunsa ko ya zube ƙasa? Ya bi ta, ko ya tsaya yana ɗaga wa alƙali hannu? Dogon da ke faɗuwa bayan kowane tsalle yana barin abokansa biyar da mutum shida. Matthew Scarlett na Geelong, a ƙarshen wasan ƙarshe na 2009 da St Kilda, ya biyo ƙwallo har tsakiyar fili ya zungure ta da yatsan ƙafa zuwa ga Gary Ablett, daga nan aka ci gol ɗin da ya raba gardama. Ƙoƙari na biyu ne, ba tsalle ba.

Da ka gama, lissafa. Wanda ya yanke shawara daidai a karo 30 cikin 40 amma jikinsa bai kai ba tukuna, riƙe shi da hannu biyu, ɗakin ɗaga ƙarfe zai gyara sauran. Wanda jikinsa ya cika amma shawararsa rabi da rabi ce, zai ci maka lokaci mai yawa, kuma ba lalle ya gyaru ba.

Alƙaluman da ke ruɗarwa

Kamfanin Champion Data, mai tattara alƙaluman AFL, na ƙirga yawan kaɗewa, yawan cafkar datsewa, da yawan karawar mutum da mutum tare da kason da ɗan baya ya sha kaye. Na ƙarshen ya fi amfani, amma sai ka tambaya: da wa ya kara? Wanda ake ba manyan 'yan gaba irin Charlie Curnow ko Jeremy Cameron kowane mako ba za a ɗora shi a sikeli ɗaya da mai riƙe ɗan gaba na uku ba.

Yawan kaɗewa na iya nufin ƙungiyar ce ba ta da tsakiya, ƙwallo na ta zubo wa 'yan bayanta. Yawan gol ɗin da mutuminsa ya ci ma haka: idan biyar aka ci, duba nawa ne daga cafka a kansa, nawa daga kuskuren bugun abokinsa a tsakiya wanda ya bar shi da fili mai faɗin gona. Yawan taɓa ƙwallo kuwa kusan ba ya gaya maka komai game da mai riƙe mutum.

Mataki na huɗu: raino, daki-daki

Jerin na da muhimmanci: jiki, sai kaɗewa, sai cafka, sai barin mutum. Koci da yawa na farawa daga ƙarshe saboda shi ne mai ƙayatarwa, sai su fitar da yaron da bai iya tsayawa da kowa ba.

Fara da kokawar tsayuwa, babu ƙwallo. Mutum biyu a cikin murabba'in mita 3, daƙiƙa 10, kowa na neman riƙe tsakiya da ƙugu da kafaɗa da damtse, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu a buɗe. Zagaye shida, hutun daƙiƙa 30. Sai a kawo ƙwallo, koci ya cilla ta sama daga mita 10. Abin da ake koyo shi ne lokacin turewa: a ture ta gefe, da ƙugu, lokacin da ƙwallon ta fara gangarowa, ta yadda ɗan gaba zai shige ƙarƙashinta. Wanda ya ture da wuri, ɗan gaba zai farfaɗo ya sake tashi. Wanda ya makara, zai zama turi a baya.

Kaɗewa na da ƙa'idoji uku. Da dunƙulen hannu ake yi, ba da tafi ba, domin tafi na rage wa ƙwallo gudu ne kawai ta faɗo kusa. Hannu na wucewa ta saman kafaɗar ɗan gaba ko ta gefenta, ya sami ƙwallo, ba damtsensa ba. Sarar hannun mai cafka laifi ne, taɓa wuyansa ko kansa ma laifi ne. Sannan a kaɗe zuwa wani wuri da aka sani: gefen layi, ko inda abokinsa yake, ba tsakiyar ƙofar gol ba. Idan ana dab da layin gol, a tura ta tsakanin turaku a ba da maki ɗaya a tsira daga shida, domin ƙwallon da ɗan baya ya taɓa kafin ta shiga maki ɗaya ce kawai. Sai dai a bambance: yin haka cikin karawar sama ba laifi, amma tun 2009, bayan Hawthorn ta yi ta tura ƙwallo da gangan a wasan ƙarshe na 2008, wanda ya shigar da ita da gangan ba tare da an matsa masa ba, bugun tazara za a ba abokan hamayya a bakin gol. A atisaye, ajiye alama biyu a ƙasa, mita 10 hagu da dama, ka kira wadda za a nufa lokacin da ƙwallo ke sama. Sau 10 da hannun dama, sau 10 da hagu, kowane atisaye. Kusan kowane yaro na zuwa da hannu ɗaya ne, kuma idan ya yi ƙoƙarin kaɗewa da shi daga gefen da bai dace ba, ƙirjinsa ne zai faɗa bayan ɗan gaba.

Bin mai ɓallewa da gudu ya fi duka wuya. Ɗan gaba zai yi kamar zai koma gol, ya juyo ya fito da gudu, a bugo masa ƙwallo ƙasa-ƙasa a gaban ƙirji. Idan bugun ya yi kyau, ba mai hana shi. Abin da ake koyarwa shi ne a toshe masa hanyar da ya fi so, wato tsakiya, a kora shi gefen layi inda kusurwar bugun gol ta yi tsauri. Cafka a mita 45 kusa da layi ba ɗaya take da cafka a mita 30 tsaf gaban gol ba. Atisaye: mai bugu a mita 60, mutum biyu a bakin gol, ɗan gaba na da daƙiƙa 5. Maki biyu idan an kaɗe, ɗaya idan an kora shi gefe, babu idan ya cafe a tsakiya.

Sai bayan waɗannan sun zauna ake ba shi izinin cafewa, da sharuɗɗa a sarari: yana gaba, ƙwallon na zuwa masa kai tsaye, hannuwansa biyu a sake. Idan ɗaya ya ɓace, kaɗewa. Barin mutum kuma nasa sharaɗin ɗaya ne da ba a sassautawa: ba a tafiya sai ƙwallon ta bar ƙafar mai bugu, kuma wanda ya tafi dole ya taɓa ta. A wasan ƙarshe na 2018, saura mintoci kaɗan, McGovern ya bar mutuminsa ya cafe ƙwallon Collingwood, ya buga wa Nathan Vardy, shi kuma ya ba Liam Ryan, Ryan ya sami Dom Sheed, West Coast ta ci da ratar maki 5. Nuna wa yaranka wannan hoton, amma ka tsayar da shi kafin tsallen, su ga lokacin da ya tashi daga wurinsa. Atisayen da ya dace shi ne uku da uku a cikin layin mita 50, tare da dokar cewa mutum ɗaya ne kaɗai ke tashi, kuma sai ya kira sunansa da ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa shida a kan ƙwallo ɗaya ma ɓarna ce.

Murya na cikin aikin. Ginshiƙin baya ne ke ganin fili gaba ɗaya, shi zai ce wa wane ya matso, wane ya koma, a yi musanyen mutum. Ka sa shi ya jagoranci atisayen 'yan baya na minti 10 kowane mako, kai ka yi shiru.

Ƙafa kuwa, ba a neman ya zama gwanin bugun nesa. Bugun mita 20 zuwa 30 da ke isa ƙirjin abokinsa, da sanin lokacin da zai ɗaga ta dogo a bi layi, sun wadatar. Kuskuren da ya fi tsada shi ne bugun da ke ratsa gaban gol ɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya duba ba.

Dokokin da suka sauya aikin

Tun 2019, duk lokacin da za a fara wasa daga tsakiya, dole kowace ƙungiya ta ajiye mutum shida a baya, shida a tsakiya, shida a gaba. Ba a iya ɓoye ginshiƙi mai rauni da ƙarin mutum na bakwai a wannan lokacin, don haka ko mai datsewa ne sai ya iya tsayawa shi kaɗai da mutum. A shekarar ce kuma aka halatta ɗora hannu a bayan ɗan gaba don riƙe wuri, amma ba turi ba. Koya masa ya ɗora a kan gwiwar hannu lanƙwasasshiya, domin da zarar hannu ya miƙe, alƙali zai busa. Tun 2021, mai tsaron wurin cafka, wato abokin hamayyar da ke tsayawa daidai inda aka cafe, dole ya tsaya cak idan alƙali ya umarta, motsi ɗaya na jawo a matso da mai bugu mita 50 zuwa gol. Wannan ya sa ƙwallo na shigowa baya da sauri, wanda ya ƙara darajar tsayuwar farko da muka yi magana a kai.

Fili ma na sauya lissafi. MCG, babban filin birnin Melbourne, na da faɗi, ɗan gaba na da wurin ɓallewa ta ko'ina. Filin Geelong dogo ne siriri, taimakon juna ya fi sauƙi. Auna yaron a iri biyun.

Lokaci

Dogaye na jinkirin nuna. Ana ɗaukar yaro yana ɗan shekara 18, sirit, a ce ya kara da ƙato mai shekara 28 da ya fi shi kilo 10 ko 15. Richmond ta ɗauki Alex Rance a 2007, sai 2014 ya fara shiga tawagar gwanaye, daga nan ya jera shekara biyar. West Coast ta ɗauki McGovern a ƙarshen 2010, bai buga wasansa na farko ba sai 2014. Jacob Weitering shi ne zaɓi na ɗaya a 2015, ya shiga tawagar gwanaye a 2024. Tsara shekara huɗu: ta farko a gasar jiha, irin VFL ko SANFL ko WAFL, yana riƙe manyan maza, ta biyu a babbar ƙungiya kan ɗan gaba na uku, ta uku kan na biyu, ana ɗanɗana masa na ɗaya kwata ɗaya ko biyu cikin kwata huɗun wasa, ta huɗu a sakar masa. Ƙarin nauyi a hankali, kilo biyu ko uku a shekara, ana sake gwajin juyawa duk wata uku. Idan juyawar ta yi nauyi, a dakatar da ƙarin. A sa atisayen tsokar bayan cinya da ta matsematsi sau biyu a mako, domin nan ne dogaye masu saurin juyawa ke yawan samun rauni. Buguwar kai ba a wasa da ita: mafi ƙarancin hutu a AFL kwana 12 ne, a ƙananan gasanni kwana 21, kuma ita ce ta kawo ƙarshen wasan McGovern a 2025.

Kafin ka kashe kuɗi ko zaɓi a waje, duba 'yan gabanka. Dogon da ya kasa a gaba sau da yawa ya iya cafka, ya kuma san dabarun 'yan gaba daga ciki. Abin da ya gagare shi shi ne ƙirƙiro hanya, a baya kuwa mutum ne ke kai shi wurin ƙwallo. Carlton ta mayar da Liam Jones baya a 2017 bayan ya kusa rasa gurbinsa, Collingwood ta yi haka da Darcy Moore, wanda ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin a 2023. Ka ba irin wannan ɗan wasa wasa shida a jere a baya kafin ka yanke hukunci, kada ka dawo da shi gaba a tsakiya ko da an ci shi huɗu a rana ɗaya.

Ka kuma riƙa rainon huɗu ko biyar a lokaci guda, a shekaru daban-daban, ana musanya musu abokan tsayuwa a atisaye. Rance ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan farko na 2019. Dylan Grimes da David Astbury suka ɗauki aikin, Richmond ta lashe gasar, kuma a wasan ƙarshe gol uku kacal abokiyar karawarta, ƙungiyar GWS, ta iya ci.